Tawul a Ƙarƙashin Turmi

Ƙarar ɗan turmi ce ta haɗa mu. Ba sallama muka fara yi ba, ba kuma a bakin ƙofa muka gaisa ba. Taɓarya ce kawai a kan attarugu da albasa, wata safiya a farkon zuwanmu wannan bene. Zan dawo kan safiyar nan. Bari in fara da matan da suka cika mini falo bayan rasuwarta, don su suka sa na zauna rubuta wannan.

Wadda nake magana a kanta tsohuwa ce 'yar ƙasar Rasha, maƙwabciyarmu ta hawan da ke ƙasa da namu. Yarana suka sa mata Kakar Ƙasa, don su bambanta ta da kakarsu ta Zariya, sunan kuma ya bi ta har ni da babansu muka kama. Ɗanta injiniya ne a wata masana'anta a Sana'iyya ta Biyu, can kudancin Riyad, inda maigidana ma yake aiki a wani sito. Shi ya ɗauko ta daga ƙasarsu bayan mutuwar mijinta, ta zauna a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti cikin sanyin bana, ba ta tashi ba. Ɗan ya sa gawar a jirgi ya tafi da ita gida, a binne ta kusa da mijinta. Shi ke nan. Ba makarar da ta fita daga benen nan, ba tabarmar da aka shimfiɗa, ba kabarin da zan wuce in ce ga ta nan.

Matanmu sun ji labari, sun kuma ji ina ta kuka, sai suka zo. Ƙawata da muka yi zaman gida ɗaya a tsohuwar unguwarmu Manfuha ta riƙe hannuna ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya ji..." Sai ta tsaya. Ta rage murya. "Wai Musulma ce?"

Na ce a'a.

"To." Ta gyara mayafinta. "To, ke dai Allah ya ba ki haƙuri."

Maƙwabciyata 'yar Maraɗi, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ce, "Ni da na ga idonki na ɗauka daga Zariya aka bugo waya. Ashe tsohuwar nan ce mai molon Nasara." Aka yi dariya. Ita ma ta yi, sai kuma ta sa bakin gyale ta share ido. "Amma wallahi mutuniyar kirki ce. Ko a matakala ta gamu da ni da kaya sai ta ce in ba ta leda ɗaya, ita da ba ta gama ɗaukar kanta ba."

Aka sha shayi, hira ta koma kan sabunta iƙama da waɗanda za su Umra. Ban ga laifinsu ba. Iyakar saninsu da ita ke nan: tsohuwa mai kiɗa.

Bayan sun watse na tambayi maigida, shi da karatun shari'a ne ya fara kawo shi ƙasar nan. Na ce, "Abban yara, bakina yana son ya ce wani abu a kanta, ban san me zan ce ba." Ya ce, "Lamarinta yana hannun Ubangijin da ya halicce ta. Ya fi ni da ke saninta, kuma ba ya zaluntar kowa. Wannan ba naki ba ne. Naki shi ne haƙƙin maƙwabtaka. Alherin da kika gani da idonki, ki faɗe shi."

To, ga shi ina faɗa. Sai dai akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. 'Yata ta biyu, tun ranar da aka ce mata Kaka ta tafi, ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana salla, tana zuwa makaranta ta dawo, amma baki a rufe. Wanda bai san yarinyar nan ba zai ce alhini ne, zai wuce. Ni na san ramin da muka fito da ita, na kuma san hannun da ya fito da mu.

A Manfuha kowa daka yake yi, ba mai kula wani. Da muka tare a nan, maigida ya ja kunnena: nan ba Manfuha ba ce, ƙararki ɗaya za a kai wa mai gadin bene. Na'urar markaɗe kuwa tana nan, amma jajjagen da ya bi ta cikinta ruwa yake zama. Sai na ninke tawul na ɗora ɗan turmin da Innata ta cusa mini a akwati, ina daka kamar mai sata. Hannu dai ba ya manta abin da ya saba. Yadda muke lugude da yayata a tsakar gidanmu, haka nake yi ban sani ba: in buga uku, in ɗan dakata, in ci gaba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa na ga tsohuwa gajeriya, gashi fari fat, da rigar sanyi a garin da rana ke dafa ƙwai. Na tattaro Turancin sakandare na shirya ban haƙuri, na buɗe. Ba ta bari na gama ba. Ta bi ƙamshin albasa har kicin, ta nuna turmin da yatsa ta ce, "Sake."

Na ce, "Ki yi haƙuri, ba zan sake ba."

"A'a. Sake yi."

Ta sunkuya ta zare tawul ɗin da kanta, ta ajiye shi gefe da yatsa biyu kamar abin ƙyama. Na daka. Ta rufe ido tana kaɗa kai. Can ta ɗaga hannu. "Nan. Me ya sa kike tsallake na huɗu?"

Ban taɓa sanin ina tsallake komai ba. Na yi tunani, sannan na ce, "Wurin yayata ne. Idan mu biyu muke daka a turmi ɗaya, a nan take sa tata taɓaryar."

"Ina yayar?"

"Tana gida. Najeriya."

Ta kalle ni, ta kalli turmin. Ta ce, "Wato kina bar wa wadda ba ta nan wuri." Ta juya ta fita, ko sunana ba ta tambaya ba.

Washegari na daka ba tawul. Na buga uku, na dakata, sai daga ƙarƙashin ƙafata wani amo guda ɗaya ya taso ya zauna daidai cikin gurbin. Na sake, ya sake. Na ajiye taɓarya na zauna a ƙasan kicin ina kuka ina istigfari, ban san wanne ya fi yawa ba. Haka muka yi shekaru. Ni da turmi a sama, ita da piyano a ƙasa, bugu ɗaya kawai take ba ni, na yayata.

Tarihinta ban samu a jere ba. Gutsure-gutsure take ba ni a kan shayi, da Turancinta mai kauri da ɗan Larabcin da ta tsinta a kantin unguwa. An haife ta bayan yaƙin duniya na biyu, a wani gari da koginsa ke daskarewa har a bi ta kansa da ƙafa. Gidansu ɗaki ɗaya ne, ba piyano, ba ma wurin ajiye shi. Mahaifiyarta ta zana mata madannai da tawada a kan teburin cin abinci, farare da baƙaƙe, a nan ta fara koyo, ba ta jin komai sai abin da ke cikin kanta. Daga nan makarantar kiɗa ta yara, daga nan babbar makaranta a Mosko. Sai doguwar baƙar riga da manyan zauruka cike da mutane. Ta ce an sha tura ta garuruwa masu nisa, a yi kwanaki a jirgin ƙasa, a tarar da zaure sanyi kamar cikin firji. Takan sa a dafa mata dankali biyu ta zuba a aljihu, ta riƙe su har a kira sunanta, don kada yatsu su sandare.

"Bayan an gama fa?" na tambaye ta.

"In cinye su. Ke da ke ce, zubarwa za ki yi?"

Ta tsara kiɗa nata na kanta. Manyan ba su da yawa, ta ce, kuma ba su yi wani tashe ba. Ƙananan da ta yi wa yara masu koyo su suka yaɗu, har yau ana koyar da su, yaran ba su ma san mace ce ta yi ba. Sai ƙasarsu ta juya, zaurukan suka yi shiru na wani lokaci, amosani kuma ya fara lanƙwasa mata yatsu. Ta koma aji gaba ɗaya. Ban taɓa jin ta yi kukan wannan ba. Takan ce, "Masu tafi sun koma gida sun ci abinci sun manta. Ɗalibi ba ya mantawa, musamman wanda na yi wa faɗa." Gaskiyarta. Na sha tarar da ita a waya da wani tsohon ɗalibinta, ƙato mai furfura a wata ƙasa, ya zauna ƙyam a gaban kyamara kamar ɗan aji ɗaya. Da aka buɗe koyar da kiɗa a ƙasar nan, direba yakan zo ya kai ta unguwar Ulaya ta koyar da 'ya'yan masu hali. Takan dawo tana mita: "So suke yaro ya iya kafin ranar biki. Kamar gasa burodi."

Wata ɗabi'arta: ana kiran salla take ɗage hannu, ko a tsakiyar me take. Na ɗauka tsoron doka ne. Ta ce da farko haka ne. "Yanzu saurare nake. Mai kiran nan na yamma ya san inda ake ajiye numfashi. Na azahar kuwa sauri yake, kamar ya bar tukunya a wuta." Na ce mata kiran salla ba waƙa ba ne. Ta ce, "Na sani. Amma huhu iri ɗaya Allah ya ba mu."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da ita, a kan 'yata.

Yarinyar da i'ina ta tashi. Kalma takan maƙale mata a baki, ta yi ta kokawa da harafin farko har jijiyar wuyanta ta tashi. A Larabci, wanda ta fi iyawa, haka. A Hausa ma haka. Yara a makaranta suna kwaikwayonta. A tahfiz malama, don tausayi, ta riƙa tsallake ta idan an zo biya hadda. Sannu a hankali yarinyar ta gane shiru ya fi sauƙi. Ta koma nuni da hannu da gyaɗa kai. Mun yi addu'a, mun yi tofi, mun kai ta asibiti aka ba mu ranar dawowa mai nisa.

Wata rana muna wurin Kaka, ta miƙa wa yarinyar farantin kek ta tambaye ta wanne take so. Yarinyar ta fara, "Ina s-s-s..." Na ce, "Mai tuffa take so." Kaka ta ajiye farantin da ƙarfi har cokali ya yi tsalle.

"Ke na tambaya?"

Na ce, "Taimakonta na yi."

"Kin sace mata kalma. Tana hanya, ta kusa isowa, kika tare ta kika karɓe. Kullum haka kike yi, ina jin ku ta rufi."

Raina ya ɓaci. Na ce ni na haife ta, ni nake kwana da kukanta, ba wanda zai koya mini tausayin 'yata. Ta ce, "Kin iya bar wa yayarki wuri a turmi, tana can wata duniya. Wannan tana gabanki." Na ja hannun yarinyar muka hau sama. Na mayar da tawul ƙarƙashin turmi, don ta ji a jikinta. Kwanaki muka yi a haka. Ita ta fara hawowa, da kwanon jar miyar ƙasarsu, tana haki. Ba ta ce yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Ta ce, "Naman daga mahaucin da kike saye ne, ki gaya wa mijinki. Kuma ki ba ni yarinyar nan bayan la'asar."

Nan aka zo wurin maigida. Shi ba ya sauraren kiɗa, ba ya kuma son a koya wa 'ya'yansa. Abin da ya ratso ƙasa ya shigo, yakan ce ba shi da yadda zai yi da shi, amma ya ɗauki 'yarsa ya kai ta gaban piyano, wannan a'a. Na san ba taurin kai ba ne, abin da ya karanta ya kuma yarda da shi ke nan. Na kuma san yadda yake juya fuska idan yarinyar tana kokawa da "Abba". Ya sauka da kansa, ɗanta yana yi musu tafinta a bakin ƙofa. Ya ce ya gode, ya yarda yarinyar ta zo, da sharaɗi biyu: kada ta taɓa madannan, kada kuma a kaɗa mata.

Ɗan ya fassara yana sunkuyar da kai, don ya san halin uwarsa. Ni ma na jira ta fashe. Ta kalli maigida daga sama har ƙasa ta ce, "Na koyar a ɗakin da ba wuta. Na koyar a kan piyanon da rabin haƙoransa sun zube. Da murfi a rufe ne ban taɓa ba." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ni a kan tebur na koya. Ka ce masa na yarda."

Ta kuwa riƙe alkawarin nan har ta bar duniya. Ina zaune a gefe da saƙata nake ganinsu. Murfin baƙi a rufe, yana ƙyalli, tsohuwa da yarinya sun jera a kan benci ɗaya, hannuwa huɗu a kan katako. Ta koya mata ta ja numfashi tun daga ciki, ta buga yatsa uku a hankali, ta dakata, ta saki kalmar a cikin gurbin. Bugun turmina ne ta ɗauka ta ba 'yata. Idan kalma ta maƙale, Kaka ba ta kallon bakinta, ba ta kuma cewa yi a hankali. Sai ta ci gaba da bugun da yatsunta karkatattu, uku da gurbi, uku da gurbi, kamar mai cewa wurinki yana nan, ba mai zama. Idan na motsa baki sai ta harare ni ta saman tabarau. Takan ce, "Shirun ma nata ne. Kada ki taɓa."

Ban ce ta warkar da ita ba. Waraka ta Allah ce, kuma har yau i'inar tana zuwa idan yarinyar ta gaji ko ta tsorata. Amma ta dawo cikin masu magana. Ta fara yi wa yayanta tsiwa, har na ji kaina ina cewa ke yi mana shiru, na kuma yi hamdala a zuci da na samu ranar faɗin haka. Da aka yi walimar hadda a tahfiz, ta tashi gaban mata ta karanta surarta daga farko har ƙarshe, yatsunta suna bugun cinyarta a ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya gani sai ni. Da muka dawo ta ruga ƙasa da kyautarta. Kaka ta ce ta karanta mata. Ta ɗauko ɗan kwali ta rufe farin gashinta tukuna, ba wanda ya ce ta yi, ta zauna da hannuwa a cinya har aka kai aya ta ƙarshe. Ba ta yi tafi ba. Ta ce, "Ba ki yi sauri ba ko sau ɗaya." A bakinta ba yabon da ya kai wannan. Maigida da na ba shi labari ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari ya sayo kwalin dabino mafi kyau ya ce a kai mata.

Akwai kuma abin da ta yi mini ni kaina. Da na haifi autana, Innata ba ta samu biza ba. Ina kwance ina tunanin wa zai yi mini wankan jego, 'yar Maraɗi ga nata jaririn. Kaka ta tambaya mene ne, na kwatanta mata: ruwan zafi, da damin ganye ana tsomawa ana fyaɗa wa mai jego. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ai su ma haka suke yi a ɗakin tururi, da reshen wata bishiyar ƙasarsu, ta ɗauka su kaɗai ne mahaukata a duniya. Ta sa ɗanta ya samo ganyen bishiyar turare. Kowace safiya ta hawo matakalar nan tana hutawa a tsakiya, ta naɗe hannun riga. Hannuwan da aka yi wa tafi a manyan zauruka, su suka riƙe damin ganye a ɗan banɗakina, tana fyaɗa mini tana ƙirgawa da yarensu. Ko a nan ba ta yarda bugu ya karkace ba.

A shekararta ta ƙarshe ta ce mini ta tsara wani ɗan kiɗa, na yara, ta sa masa suna Matar Sama. Hannun hagu yana daka, na dama yana amsawa. Ta ce ta aika wa tsofaffin ɗalibanta, wasu har sun fara koya wa nasu. Ta tambaya ko ina son ji. Na ce ta san matsayin gidanmu. Ta ce, "To, gobe da hantsi zan kaɗa abina a ɗakina. Idan wata tana shanya a taga, ba ruwana." Na yi shanya a ranar. Allah ya yafe mini, na daɗe ina shanya riga ɗaya. Na ji tsakar gidanmu a ciki, da kaji, da muryar yayata. Wai yanzu a wani gari mai dusar ƙanƙara akwai yaron da ke buga dakan Innata, bai san Zariya ba, bai san attarugu ba.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne. An sa mata abin numfashi, ba ta iya magana. Yarinyar ta tsaya a bakin gado. Yatsun Kaka suka fara motsi a kan zanen gado, uku da gurbi. 'Yata ta ja numfashi ta ce mata, "Sannu, Kaka." Tsohuwar ta lumshe ido.

Bayan ɗanta ya dawo daga binne ta ya nuna mana wani tsohon bidiyo a wayarsa, ya kashe sautin don girmama maigida. Budurwa mai baƙin gashi ta fito gaban jama'a ta zauna. Ban gane fuskar ba. Amma kafin ta taɓa komai ta ɗora hannuwa a cinya ta jira, ta jira, har sai da zauren ya natsu. A nan na gane ta.

An zo an ɗauke piyanon, ɗan ya bayar da shi ga wata ɗalibarta. Ni kuwa tun ranar rasuwar na mayar da tawul ƙarƙashin turmi. Ba na iya jure in buga uku in ji ɗakin ƙasa ya yi shiru. Na ma daina barin gurbin, ina daka a jere kamar injin, in gama in tashi. Yarinyar kuma ga ta nan, ba magana. Babanta ya ce a ba ta lokaci. Na ce to, amma ina tuna yadda wancan shirun ya fara, shi ma da kaɗan-kaɗan ne. Sau nawa na buɗe baki in ce mata ki faɗi abin da ke ranki, ko in faɗa mata da kaina, tunda na sani. Sai in ji kamar ana hararata ta saman tabarau, in haɗiye.

Jiya da hantsi, ranar ba makaranta, ina jajjage a kicin, na ji mutum a bayana. Yarinyar ce, a jingine da ƙofa. Leɓɓanta suna rawa, jijiyar wuyan nan ta tashi. Na san kalmar da take nema, Umma ce, tana kan harshena. Na ajiye taɓarya. Na ɗora hannuwana a cinya. Albasa tana cin idona ban share ba. Na ga yatsunta sun sami katakon ƙofa: ɗaya, biyu, uku. Gurbin ya zo ya wuce ba komai. Ta sake. Ya sake wucewa. Ban motsa ba. A na gaba ta ja numfashi tun daga ciki, yadda aka koya mata.

Ta ce, "Umma, cire tawul ɗin. Ki bar wurin. Ni zan amsa miki."